Iko da Mallaka a Haɗaɗɗen Lissafin Rukunin Kamfanoni

Sharhin na yau ya shafi wani fanni na aikin akantoci wanda ba kasafai ake tattauna shi a fili ba, ko da yake yawancin alƙaluman riba da asara da ake karantawa a labaran kasuwanci daga gare shi suke fitowa, wato haɗaɗɗen bayanin kuɗi na rukunin kamfanoni, musamman yadda ake lissafin kamfanin da wani babban kamfani ya mallaki mafi yawan hannun jarinsa amma bai mallake shi baki ɗaya ba. Duk lokacin da aka sanar da cewa kamfanin simintin Dangote ko ɗaya daga cikin manyan bankunan Najeriya ya yi cinikin kaza ko ya ci ribar kaza a shekara, adadin da aka ambata jimla ce ta kamfanoni da dama da ke ƙasashe daban-daban, kowanne da rajistarsa da daraktocinsa da basussukansa, kuma a cikin wasunsu akwai mutane da hukumomi masu rabon da bai kai na babban mai jari ba. Wanda bai san inda rabon waɗannan mutane yake a cikin jimlar ba zai iya yi wa rogo kallon kitse, ya ɗauka cewa duk abin da ya ji an ambata dukiyar masu hannun jarin babban kamfanin ce.

Kamfanin da ke riƙe da ragamar wani kamfani shi ake kira uwar kamfani, wanda ake riƙe da ragamarsa kuma shi ne kamfanin ƙarƙashi, su biyun tare da sauran 'yan uwansu kuwa su ne rukuni. Kamfanin ƙarƙashi ya bambanta da reshe, domin reshe ɓangare ne na jikin kamfani guda, kamar ofishin banki a Kano ko a Maraɗi, ba ya cin bashi da sunansa kuma ba a kai shi ƙara shi kaɗai, alhali kamfanin ƙarƙashi mutum ne mai zaman kansa a idon doka, yana mallakar kadara, yana cin bashi, yana iya durƙushewa ba tare da uwarsa ta durƙushe ba. Haɗaɗɗen bayanin kuɗi shi ne rahoton da ke ɗaukar waɗannan kamfanoni masu zaman kansu a shari'a ya nuna su tamkar kamfani ɗaya, saboda a zahirin kasuwanci hannu ɗaya ne ke juya su.

Bukatar irin wannan rahoto ta taso ne tun lokacin da manyan kamfanoni suka fara sayen ƙanana a Amurka, kuma rahoton kamfanin ƙarfe na U.S. Steel na shekarar 1902 yana cikin misalan farko da suka shahara. Ingila ba ta yi saurin bi ba, sai da aka sha wuya, musamman a shari'ar 1931 ta kamfanin jiragen ruwa na Royal Mail, wanda ke da sarƙaƙƙen rukuni da masu zuba jari ba su iya gane ainihin halin da yake ciki ba, har aka ɗaure shugabansa Lord Kylsant na shekara ɗaya saboda takardar neman masu zuba kuɗi da ta ɓatar da jama'a. Dokar kamfanoni ta 1948 ta ƙasar ta ƙunshi wajabcin gabatar da lissafin rukuni. Darasi mafi tsada ya zo ne a 2001, lokacin da kamfanin makamashi na Enron ya durƙushe a Amurka, bayan ya shafe shekaru yana ajiye basussuka da asarori a wasu ƙananan kamfanoni da shi ne ke juya su amma bai haɗa su cikin lissafinsa ba, yana fakewa da wata ƙa'ida ta lokacin wadda ke barin a ware irin waɗannan kamfanoni muddin wani na waje ya zuba jarin da ya kai kashi 3 cikin 100. Da aka tilasta masa gyara lissafinsa a watan Nuwamba na wannan shekara, ribar kusan dala miliyan 600 ta shekarun baya ta ɓace, kuma cikin wata guda kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi.

Ƙa'idar da ke jagorantar wannan aiki a yau a mafi yawan ƙasashen duniya ita ce IFRS 10, wadda hukumar tsara ƙa'idojin lissafi ta ƙasa da ƙasa mai mazauni a Landan ta fitar a watan Mayun 2011, ta kuma fara aiki a farkon 2013. Najeriya ta ɗora kamfanonin da ke kasuwar hannun jari a kan ƙa'idojin ƙasa da ƙasa tun daga 2012, ƙarƙashin kulawar Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi da dokar 2011 ta kafa, yayin da Nijar da Kamaru da Chadi ke bin tsarin lissafi na ƙungiyar OHADA, wanda aka sabunta a 2017, sashensa na haɗaɗɗen lissafi kuma ya fara aiki a watan Janairun 2019. Ginshiƙin IFRS 10 shi ne iko, kuma ba a cewa wani kamfani yana da iko da wani sai abubuwa uku sun taru: yana da hurumin yanke shawara a kan ayyukan da ke kawo wa kamfanin riba ko asara, abin da yake samu daga kamfanin yana hawa da sauka gwargwadon yadda kasuwa ta kasance, kuma yana iya amfani da hurumin nasa ya canza abin da yake samu. Galibi mallakar fiye da rabin ƙuri'u ita ce ke kawo wannan iko, amma ba lallai ba ne, domin mai kashi 48 cikin 100 zai iya zama mai iko idan sauran jarin ya warwatse a hannun dubban mutane da ba sa haɗa kai kuma da yawansu ba sa zuwa taron shekara, haka nan mai kashi 60 zai iya rasa iko idan wata yarjejeniya ko umurnin kotu ko matakin gwamnati ya ƙwace masa damar naɗa shugabanni. Haƙƙin da aka bai wa banki na hana kamfani sayar da babbar kadara kafin ya biya bashi kuwa kariya ce kawai ga mai bin bashi, ba ta mai da bankin uwar kamfani.

Da zarar iko ya tabbata, sai a shiga matakin da ya fi rikita wanda ba akanta ba. Uwar kamfani ba ta ɗaukar kaso gwargwadon mallakarta daga kadarorin kamfanin ƙarƙashi, tana ɗaukar su duka ne, ta haɗa da nata layi bayan layi: dukkan injuna da gine-gine, dukkan kuɗin da ke banki, dukkan basussuka, dukkan ciniki da dukkan kuɗin da aka kashe. Sai a ƙarshe ne ake ware abin da ba nata ba a wani layi na musamman da ake kira kason marasa iko, wato rabon sauran masu hannun jari a kamfanin ƙarƙashi. Wannan layi yana fitowa a wuri biyu, na farko a bayanin kadarori da basussuka, inda yake zaune a sashen jari amma daban da jarin masu uwar kamfani, na biyu kuma a ƙasan bayanin riba da asara, inda ake raba ribar shekara gida biyu. A ɗauka cewa wani kamfani ya mallaki kashi 80 cikin 100 na wata masana'anta da ta yi cinikin naira biliyan 2 ta ci ribar naira miliyan 100. Haɗaɗɗen bayani zai nuna cinikin biliyan 2 cif da ribar miliyan 100 cif, sannan ya bayyana cewa miliyan 80 ta masu uwar kamfani ce, miliyan 20 kuma ta marasa iko. Ribar kowane hannun jari, wadda masu zuba jari ke auna farashi da ita, daga miliyan 80 ɗin kaɗai ake lissafa ta.

Kamfanin simintin Dangote misali ne da ke nuna fuskokin lamarin duka. Shi kansa kamfanin ƙarƙashi ne wanda ba a mallake shi baki ɗaya ba, domin kamfanin Dangote Industries ne ke riƙe da fiye da kashi 85 cikin 100 na hannun jarinsa, sauran kuma suna hannun jama'a da hukumomin zuba jari tun bayan shigarsa kasuwar hannun jari ta Najeriya a 2010. A lokaci guda kuma shi uwa ne ga kamfanonin siminti a ƙasashe irin su Habasha da Senegal da Kamaru da Tanzaniya da Zambiya. A Afirka ta Kudu ya mallaki kashi 64 cikin 100 na kamfanin da aka fi sani da Sephaku Cement tun 2010, kamfanin Sephaku Holdings na ƙasar kuma ya riƙe kashi 36. A rahoton da ake fitarwa a Legas, dukkan cinikin masana'antar da dukkan bashinta suna shiga jimla, sannan a ware kashi 36 na ribarta ko asararta a matsayin kason marasa iko. A rahoton da Sephaku Holdings ke fitarwa a Johannesburg kuwa, ba a ganin cinikin masana'antar a cikin jimlar ciniki ko kaɗan, kason riba kawai ake gani a layi guda. Masana'anta ɗaya ce, kuma dukkan rahotannin biyu daidai suke, abin da ya raba su shi ne wa ke da iko.

Akwai masu ganin cewa wannan tsari yana kumbura alƙaluma, kuma akwai gaskiya a maganarsu, musamman inda mallaka ta zama tsani mai matakai. Idan kamfani na farko ya mallaki kashi 60 cikin 100 na kamfani na biyu, na biyun kuma ya mallaki kashi 60 na kamfani na uku, to na farkon yana juya na ukun yadda ya ga dama, kuma dole ne ya haɗa dukkan cinikinsa da kadarorinsa, alhali ainihin rabonsa a ciki kashi 36 ne kawai, kashi 64 na wasu ne. Rukunin da aka gina haka zai iya bayyana a matsayin ƙato mai ciniki mai yawa ba tare da masu shi sun zuba jari mai yawa ba. Duk da haka hujjar haɗawa baki ɗaya ta fi ƙarfi, domin daraktan da ke da iko da masana'anta yana da iko da ita duka, ba ya juya kashi 60 na injin ya bar kashi 40, kuma idan aka yarda a riƙa ɗaukar bashi gwargwadon mallaka kawai, za a buɗe wa masu son ɓoye bashi ƙofar da abin da ya faru da Enron ya sa aka rufe. Maganin kumburin yana cikin rahoton kansa, a layin kason marasa iko, sai dai wannan layi ne masu karanta labaran kasuwanci suka fi tsallakewa.

Aiki na gaba shi ne share cinikin cikin gida. Manomin da ya kwashe hatsi daga rumbu guda ya zuba a wani rumbu na gidansa bai sayar da komai ba, haka nan rukunin da wani kamfaninsa ya sayar wa wani kamfaninsa kaya bai ci riba ba sai ranar da kayan suka fita zuwa hannun mai saye na waje. Saboda haka ake goge duk wani ciniki da bashi da kuɗin ruwa da rabon riba da ke tsakanin kamfanonin rukuni, kuma ana goge su baki ɗaya ko da kamfanin ƙarƙashi ba na uwar ba ne duka. Idan masana'antar da aka yi misali da ita ta sayar wa uwarta kayan da suka ci mata naira miliyan 40 a kan miliyan 50, sannan shekara ta ƙare rabin kayan na nan jibge a ma'ajiya, to miliyan 5 daga cikin ribar miliyan 10 ba ta tabbata ba tukuna, dole a cire ta daga riba a kuma rage darajar kayan da ke ajiye. Tunda kamfanin ƙarƙashi ne ya yi sayarwar, ragin yana shafar ɓangarorin biyu gwargwadon rabonsu, miliyan 4 a kan masu uwar kamfani, miliyan 1 a kan marasa iko.

A ranar da aka sayi kamfani kuwa, ana ƙiyasta kadarorinsa da basussukansa da farashin da za su yi a kasuwa a wannan rana, kuma duk abin da mai saye ya biya sama da haka ana rubuta shi a matsayin darajar suna, wato kuɗin da aka biya saboda kwastomomi da ƙwarewar ma'aikata da matsayin kamfani a kasuwa, abubuwan da ba a iya ware su a sayar su kaɗai. Ƙa'idar IFRS 3, kamar yadda aka sabunta ta a 2008, ta ba da zaɓi biyu wajen auna kason marasa iko a wannan rana. A ce an sayi kashi 80 cikin 100 a kan naira miliyan 960, kadarorin kamfanin bayan cire bashi kuma sun kai miliyan 1,000. Idan aka auna kason marasa iko da rabonsu na kadarori zai zama miliyan 200, darajar suna kuma miliyan 160, amma idan aka auna shi da farashin hannun jarinsu a kasuwa, a ce miliyan 230, darajar suna za ta tashi zuwa miliyan 190. Ba a rage darajar suna kaɗan-kaɗan kowace shekara a ƙarƙashin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, ana gwada ta ne aƙalla sau ɗaya a shekara a ga ko ta faɗi, kuma wannan gwaji ya dogara da hasashen shugabannin kamfani game da ribar gaba, abin da ya sa yake cikin wuraren da masu binciken kuɗi suka fi sa wa ido.

Marasa iko suna ɗaukar rabonsu na asara kamar yadda suke ɗaukar na riba, ko da hakan zai sa kasonsu ya faɗi ƙasa da sifili. Kamfanin MTN na Najeriya, wanda rukunin MTN na Afirka ta Kudu ya mallaki kimanin kashi uku cikin huɗu nasa, ya yi asarar kusan naira biliyan 137 a 2023 da kimanin biliyan 400 a 2024, galibi saboda faɗuwar darajar naira bayan sauya tsarin musayar kuɗi a watan Yunin 2023, wanda ya ninka nauyin basussuka da kuɗin haya da ke da alaƙa da dala. Uwar kamfanin ta haɗa asarar duka a lissafinta, sannan ta ware kimanin rubu'inta ga marasa iko, waɗanda suka haɗa da 'yan Najeriya da suka sayi hannun jari a kan naira 169 a tayin da aka yi wa jama'a a watan Disambar 2021. Ga waɗannan mutane, rahoton da ya shafe su kai tsaye shi ne na kamfanin Najeriya, domin ribar da rukunin ya ci a Gana ko Yuganda ba ta da wata hanyar da za ta kai aljihunsu.

Idan uwar kamfani ta ƙara sayen hannun jari ko ta sayar da wani ɓangare ba tare da ta rasa iko ba, ƙa'ida ta ɗauki hakan a matsayin ciniki tsakanin masu jari, ba a rubuta riba ko asara, ba a kuma taɓa darajar suna, gyara kawai ake yi tsakanin kason uwa da kason marasa iko. Haka lissafin ya kasance lokacin da kamfanin Lafarge Africa, wanda ke riƙe da kusan kashi 59 cikin 100 na kamfanin simintin Ashaka da ke jihar Gombe a 2014, ya ƙara rabonsa zuwa fiye da kashi 80 ta hanyar tayin saye, kafin a cire Ashaka daga kasuwar hannun jari a 2017. Cinikin Ashaka da ke shiga jimlar rukunin bai canza ba saboda wannan saye, abin da ya ragu shi ne rabon da ake warewa ga sauran masu jari.

Rasa iko kuwa al'amari ne dabam, kuma babu misalin da ya fi bayyana shi a wannan yanki kamar na kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr da ke Arlit a Jamhuriyar Nijar. Kamfanin Orano na Faransa ya mallaki kashi 63.4 cikin 100 na Somaïr, kamfanin gwamnatin Nijar mai suna Sopamin kuma ya riƙe kashi 36.6, saboda haka shekara da shekaru Somaïr ya riƙa shiga haɗaɗɗen lissafin Orano baki ɗaya, ana ware rabon Nijar a matsayin kason marasa iko. Bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 da rufe iyakar Nijar da Benin, wadda ta nan ake fitar da ma'adinin zuwa tashar Kwatano, dangantaka ta yi tsami tsakanin ɓangarorin biyu, har a farkon watan Disambar 2024 Orano ya sanar da cewa ba a ƙara aiwatar da shawarwarin hukumar daraktocin Somaïr, kuma ragamar gudanarwa ta fita daga hannunsa. A wannan lokaci takardun mallaka ba su canza ba, kashi 63.4 na nan da sunan Orano, amma sharaɗi na farko na iko ya faɗi, saboda haka kamfanin ya cire Somaïr daga haɗaɗɗen lissafinsa na 2024, watanni kafin gwamnatin Nijar ta sanar da mai da kamfanin mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Wanda ke da gaskiya a takaddamar magana ce ta siyasa da shari'a, kuma ta kai gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa. Aikin akanta a nan shi ne ya faɗi wanda hannunsa ke kan ragama a ranar rufe lissafi, kuma da Orano ya ci gaba da ƙidaya ma'adinai da injunan da ba zai iya taɓawa ba a cikin kadarorinsa, da ya yaudari masu ba shi bashi. Irin wannan mataki kamfanonin Amurka suka ɗauka a Benezuwela sa'ad da takunkumin musayar kuɗi da ƙayyade farashi suka hana su tafiyar da kamfanoninsu, inda Procter & Gamble kaɗai ya rubuta asarar kimanin dala biliyan 2 a 2015. A ranar rasa iko ana fitar da dukkan kadarori da basussuka da kason marasa iko daga lissafi, a ƙiyasta ragowar jarin da farashin kasuwa, bambancin kuma ya shiga riba ko asarar shekara.

Tsakanin iko da zuba jari na yau da kullum akwai matsayi na tsakiya, inda kamfani ke da faɗa a ji amma ba shi ke yanke hukunci ba, kuma ana zaton haka ne daga kashi 20 cikin 100 na ƙuri'u zuwa sama. Kamfanin iskar gas na NLNG da ke Bonny yana da masu jari huɗu, NNPC da kashi 49, Shell da 25.6, TotalEnergies da 15, Eni da 10.4, kuma kamfanonin ƙetaren ba sa haɗa cinikinsa da nasu, Shell mai fiye da kashi 20 kasonsa na riba kawai yake rubutawa.

Abu mafi muhimmanci ga mai ƙaramin jari shi ne ya san abin da haɗaɗɗen bayani ba ya faɗa. Rukuni ba ya biyan rabon riba, kamfani ne ke biya, daga ribar da ke cikin littafinsa shi kaɗai, shi ya sa rahotannin kamfanonin Najeriya ke jera alƙaluma biyu gefe da gefe, na rukuni da na kamfani. Kuɗin da ake gani a jimlar rukuni wataƙila yana asusun wani kamfanin ƙarƙashi a ƙasar da ke da ƙarancin kuɗin waje, ko kuma ba za a iya fito da shi ba sai an biya marasa iko nasu rabon, ko hukumar kula da bankuna ta wannan ƙasa ta hana a taɓa shi. Wannan batu ya ƙara nauyi tun bayan da Babban Bankin Najeriya ya soke tsarin lasisin banki mai yin kowane irin kasuwanci a 2010, abin da ya sa aka kafa kamfanonin riƙo irin su FBN Holdings da Stanbic IBTC Holdings a 2012, waɗanda ba su da wata babbar hanyar samun kuɗi sai abin da kamfanonin ƙarƙashinsu suka aiko musu. Wanda ya ba uwar kamfani bashi shi ma ya kamata ya san cewa kadarorin kamfanin ƙarƙashi sai sun biya masu bin wannan kamfani tukuna kafin ragowar ta hau sama.

Akwai kuma wani gibi da tsarin haɗawa kansa ke haifarwa. Cinikin cikin gida da ake gogewa a lissafin rukuni shi ne ainihin wurin da za a iya tauye haƙƙin marasa iko, domin idan uwar kamfani ta sa kamfanin ƙarƙashi ya sayar mata da kaya da arha, ko ta ɗora masa kuɗin ƙwarewa da kuɗin amfani da suna masu yawa, ko ta ba shi rance da ruwa mai tsada, jimlar ribar rukuni ba ta canzawa, amma riba ta tashi daga kamfanin da ake raba ta da wasu ta koma kamfanin da ba a raba ta da kowa. Ba a ganin wannan a fuskar haɗaɗɗen bayani, ana ganinsa ne a rahoton kamfanin ƙarƙashi, a sashen bayanin mu'amala da makusanta wanda ƙa'idar IAS 24 ta wajabta. Ƙa'idar IFRS 12 ita ma ta wajabta wa uwar kamfani ta bayyana sunan duk kamfanin ƙarƙashi da kason marasa iko ke da nauyi a cikinsa, da ƙasar da yake aiki, da ribar da aka ware musu, da rabon ribar da aka biya su a zahiri, da duk wani takunkumi da ke hana motsa kuɗi a cikin rukuni. Tazarar da ke tsakanin abin da aka ware wa marasa iko a takarda da abin da ya isa hannunsu adadi ne da ya cancanci 'yan jarida da ƙungiyoyin masu hannun jari su riƙa tambaya a kansa a taron shekara, fiye da yadda suke tambaya a kan jimlar ciniki.

Hukumomi ma suna da rawar da suke takawa idan babban mai jari ya nemi sallamar ƙanana. A watan Satumbar 2023 uwar kamfanin PZ Cussons, mai riƙe da kimanin kashi 73 cikin 100 na kamfanin Najeriya, ta yi tayin saye ragowar hannun jarin a kan naira 21 kowanne domin ta cire kamfanin daga kasuwa, amma Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari ta ƙi amincewa da shirin a watan Maris na 2024. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 kuma ta bai wa mai hannun jari damar kai ƙara Babbar Kotun Tarayya idan ana tafiyar da kamfani ta hanyar da ke danne shi ko ke cutar da shi ba bisa adalci ba, kuma mafi yawan hujjojin da irin wannan ƙara ke bukata, wato farashin da aka yi ciniki da makusanta, da kuɗin ruwan rancen cikin gida, da rabon ribar da aka riƙe ba a biya ba, suna cikin shafukan ƙarin bayani da ke bayan rahoton shekara, wanda doka ta ce a aika wa kowane mai hannun jari kafin taro komai ƙanƙantar rabonsa.